Baffana ya rasu a hannun hukuma zamanin soja: shin rubuta labarinsa rashin tawakkali ne?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Gombe. A zamanin mulkin soja, tun ba a haife ni ba, jami'an tsaro suka zo da dare suka tafi da baffana, ƙanen mahaifina. Bayan wata huɗu aka aiko a je a karɓi gawa, aka ce ciwo ne ya kashe shi. Waɗanda suka yi masa wanka sun ga abin da suka gani a jikinsa, amma har yau ba a tayar da maganar a gidanmu. Da na ce zan rubuta labarinsa, kakata ta fashe da kuka, mahaifina kuma ya ce wa'adinsa ne ya cika, tone-tone rashin tawakkali ne, sannan shugaban da aka yi abin a zamaninsa ya riga ya rasu, ba a zagin mamaci. Shin addini ne ya ce a manta? Me ya sa a wasu ƙasashe ake tunawa da irin waɗannan mutane, mu kuma muka yi shiru?

Amsa: Ɗana, Allah Ya jiƙan baffanka, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara gare shi, Ya ba kakarka ladan haƙurin shekarun nan. Addini bai ce a manta ba. Amma kada ka ɗauki wannan amsa ka je ka dangwarar da ita gaban mahaifinka, domin shi ya ga zamanin da ido, kai labari ka ji, kuma akwai gaskiya a cikin maganarsa. Na shafe shekaru ina koyar da tarihi a nan Bauchi, na kuma yi karatun zaure gwargwado, don haka zan duba maka maganar ta fuskokin biyu.

Cewa wa'adinsa ya cika gaskiya ne, babu rai da ke fita sai da izinin Allah. Sai dai ƙaddara ba ta taɓa wanke hannun mai kisa ba. Da tana wankewa, da ba a saukar da hukuncin ƙisasi da diyya ba. A Suratul Isra'i, aya ta 33, Allah Ya ce wanda aka kashe bisa zalunci Ya ba waliyyinsa iko a kan maganar jininsa. Waliyyin nan shi ne mahaifinka da 'yan'uwansa. Suna da damar su yafe, kuma yafiya falala ce babba, amma mutum yana yafe abin da ke hannunsa ne. Wanda aka tsare wa baki da bindiga, aka miƙa masa gawa aka ce ya sa hannu ya tafi, ba a ba shi zaɓi ba balle a ce ya yafe. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce jini ne farkon abin da za a yi wa hukunci tsakanin mutane ranar ƙiyama. Ka kuma duba Suratut Takwir, inda za a tambayi jaririyar da aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta. Yarinya ce da ba ta da kabari sananne, waɗanda suka haife ta su ne suka kashe ta, duk garin ya amince a yi shiru. Alƙur'ani ya tono maganarta ya sa a bakin kowane mai sallah. Haka Suratul Buruj, wadda yaranmu ke haddacewa tun suna ƙanana: labarin mutanen da mai mulki ya haƙa wa rami ya ƙona ne. Littafin da ya ajiye wannan ba zai zama hujjar mantuwa ba.

Shirun namu yana da tushe a yadda muke sallamar mamaci. Mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kabari ba a gina shi, ba a rubuta suna, bayan damina biyu ko uku sai wanda ya sa alama ne zai gane wurin. Zaman makoki kwana uku ne, matar mamaci kaɗai ke takaba wata huɗu da kwana goma. Mai zuwa gaisuwa ya ce "ya haƙuri?", a amsa "da godiya", a shafa fatiha. Wasu gidaje suna sadakar uku da bakwai da arba'in, wasu kuma, musamman tun bayan kafa Izala a Jos a 1978, sun bar wannan. Ko ta wane ɓangare, tunawarmu addu'a ce, tana tafiya sama wurin Allah, ba a kafa ta a dandali. Ina ganin kyan wannan tsari ƙwarai. Yana daidaita sarki da talaka a ƙasa ɗaya, yana kuma kashe wutar ramuwar gayya tun ba ta kama ba. Amma azzalumi ya san shi sarai, kuma yana cin moriyarsa. Gawar da aka binne cikin sa'o'i kaɗan babu likitan da ya duba ta. Shaidun da suka rage su ne masu wanka, su kuma an koya musu su rufe abin da suka gani.

Nan ne ake yawan kuskure. Abin da aka kwaɗaitar da mai wanka ya rufe shi ne aibin mamaci, wata tawaya a jikinsa ko wani abin da zai kunyata shi. Tabon bulala da karyayyen haƙarƙari ba aibin mamaci ba ne, aibin wanda ya yi masa ne, kuma shaida ce. A ƙarshen Baƙara an ce kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Ba na ɗora wa dattawan da suka wanke baffanka laifi, domin a lokacin buɗe baki na iya jawo gawa ta biyu a gida ɗaya. Amma tsoron da ya halatta shiru a wancan lokaci ya kau.

Maganar zagin mamaci kuma, hadisin ingantacce ne, Nana A'isha ta ruwaito shi: kada ku zagi matattu, sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. To amma Anas ya ruwaito cewa an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta tabbata, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta tabbata, sannan ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Bai tsawata musu ba. Malamai sun haɗa hadisan biyu da cewa zagi daban, faɗin abin da ya faru don maslaha daban. Da ba haka ba, da ba mu san Hajjaju bin Yusuf ya kashe Sa'idu bin Jubair a shekara ta 95 bayan hijira ba, da ba mu san an yi wa Imamu Ahmad bulala a zamanin Mu'utasim ba. Malamanmu ne suka rubuta waɗannan, da sunan wanda ya yi da wanda aka yi wa, ana karanta su a zaure har gobe. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, an ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai daga wanda aka zalunta.

Labarin da na fi so ka kai wa mahaifinka shi ne na Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Ya zo ya musulunta, an karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba. Duk da haka Annabi ya tambaye shi ko shi ne ya kashe Hamza, ya amsa, sannan aka nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gaban Annabi. An yafe, amma sai da mai laifi ya tsaya ya amsa da bakinsa, kuma ba a ce wa wanda aka yi wa rashi ya yi kamar babu ciwo ba. Shahidan Uhudu saba'in an kiyaye sunayensu, kuma bayan shekara takwas Annabi ya sake yi musu addu'a kamar mai bankwana.

Yanzu ga abin da ke damuna, wanda shi ne ainihin amsar tambayarka ta biyu. Mu ba mutane ne masu mantuwa ba. Zaɓe muke yi. Je ka Mbormi kusa da Bajoga, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗaruruwan mutanensa a watan Yulin 1903. Shekara fiye da ɗari da ashirin ke nan, amma kowa ya san wurin, kuma babu mai jin nauyin kiran su shahidai. Zo nan Bauchi ka ga kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda sojoji suka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, rana ɗaya da Sardauna. An gina wa wurin katafaren gini, ana kai yaran makaranta, ana yi musu addu'a duk shekara, kuma ban taɓa jin wanda ya ce wannan rashin tawakkali ne ba. Ya cancanta, Allah Ya jiƙan su. Amma ka lura da abu ɗaya: a duka biyun, hannun da ya yi kisan muna ɗaukarsa na baƙo. Idan baƙo ya kashe namu sai mu ce shahada. Idan wanda ya ba da umarnin namu ne, sunansa irin namu, muna sahu ɗaya da shi a masallacin idi, sai mu ce ƙaddara, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan ba daga Alƙur'ani ya fito ba, daga kara da ɓangaranci ya fito, muka sa masa rawani.

A Gombe abin ya fi nauyi. Janar Sani Abacha ne ya ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoban 1996, kuma dattawan da suka daɗe suna neman a raba su da Bauchi ba za su manta masa wannan ba. Ba na ce su manta. Amma a mulkin nan ne aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, aka harbe Kudirat Abiola a Legas a watan Yunin 1996, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997. Kuma a cikinsa ne Bagauda Kaltho, ɗan jaridar mujallar TheNews, mutumin Billiri, ya ɓace a 1996. Sai a 1998 'yan sanda suka fito suka ce shi ne ya mutu a fashewar bam a otal ɗin Durbar na Kaduna, maganar da iyalinsa da abokan aikinsa suka ƙi yarda da ita. Ba a ba su gawa ba. Ɗan jiharku ne. Matasa nawa ne a cikin garin Gombe suka taɓa jin sunansa? Ina zargin da sunansa Musa ko Usman ne, kuma wanda ke mulki a lokacin ɗan kudu ne, da an daɗe ana ambatonsa a kan mumbari.

Maƙwabtanmu Kiristoci na Billiri da Kaltungo suna da tasu hanyar. Suna rubuta suna a kan kabari, suna buga ɗan littafi mai hoton mamaci da tarihinsa ranar jana'iza, wasu su yi sujadar tunawa idan shekara ta zagayo. Wannan ya sa takarda ta fi zama a hannunsu. Amma ɓatar da mutum yana karya hanyoyin biyu gaba ɗaya, domin babu kabarin da za a rubuta wa suna, babu gawar da za a sallata. Fiƙihun Malikiyya ya san zafin wannan: matar wanda ya ɓace tana jira shekara huɗu daga ranar da ta kai magana gaban alƙali aka gama bincike, sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. A Libiya, bayan kisan fursunoni kusan 1,200 a kurkukun Abu Salim a 1996, iyalai sun yi shekaru suna kai abinci da tufafi ga mutanen da suka riga suka mutu. Gidanku ko ba komai an ga gawa, an yi sallah. Ka riƙe wannan idan kana magana da kakarka.

Akwai kuma waɗanda addini da kansa ake amfani da shi a fitar da su daga sahun waɗanda za a yi wa kuka. A watan Afrilun 1985 aka yi rikicin 'yan Tatsine a unguwar Pantami da ke Gombe. Babu mai hankalin da zai kare ɓarnar mutanen nan, sun kashe jama'a da 'yan sanda. Amma harsashi ba ya tambayar aƙida, kuma a irin wannan rana gidan da ya rasa wanda ba ruwansa da faɗan ba ya iya ɗaga murya, don kada a ce shi ma nasu ne. A Indunusiya an kashe mutane wajen rabin miliyan a 1965 da 1966, lokacin da Janar Suharto ke hawa mulki, da sunan 'yan gurguzu ne marasa addini, har da hannun wasu ƙungiyoyin matasan Musulmi. Shekaru fiye da talatin iyalansu na ɓoye baƙin cikinsu. Sai a shekarar 2000 shugaban ƙasar, Abdurrahman Wahid, wanda shi kansa babban malami ne, ya fito ya nemi gafara.

Ƙasashen da kake gani suna tunawa, ba addininsu ne ya fi namu son gaskiya ba. A Ajantina, zamanin mulkin soja tsakanin 1976 da 1983, yawancin manyan limaman Katolika shiru suka yi, har an samu limamin 'yan sanda da kotu ta ɗaure rai da rai a 2007 saboda hannunsa a azabtarwa da kisa. Iyaye mata ne suka fara fitowa dandalin da ke gaban fadar gwamnati a Afrilun 1977, suka mayar da shi al'adar kowace Alhamis. Farin ƙyallen da suka shahara da ɗaurawa a ka, a wajen wata ziyarar ibada suka fara ɗaura shi don su gane juna cikin taro. Hukumar bincike ta 1984 ta tattara sunaye kusan 9,000 na waɗanda aka ɓatar, ƙungiyoyin iyalai na cewa sun kai 30,000. A Chile kuwa, maƙwabciyarsu, babban limamin Santiago, Raúl Silva Henríquez, ya buɗe ofishi a ƙarƙashin coci a 1976, ya zuba lauyoyi, duk wanda aka kama masa ɗa ya zo a rubuta suna da rana da wurin da aka ɗauke shi. Da shugaban mulkin sojan ƙasar, Pinochet, ya sauka a 1990, waɗannan takardu ne hukumar bincike ta dogara da su. Addini ɗaya, ƙasashe biyu, hali biyu. A Yuganda gwamnatin Idi Amin ta ce haɗarin mota ne ya kashe Akbishop Janani Luwum a Fabrairun 1977, kamar yadda aka ce muku ciwo ne. Cocinsa bai karɓi wannan ba, yau 16 ga Fabrairu ranar hutu ce a ƙasar. Mafi kusa da mu shi ne Chadi. Souleymane Guengueng ya yi wa Allah alkawari a kurkukun Hissène Habré, shugaban ƙasar na lokacin, cewa idan ya fita da rai zai nemi haƙƙin waɗanda suka mutu a gabansa. Ya fita, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya rubuta bayanan ɗaruruwa, Musulmi da Kirista. Habré ya faɗi a 1990, sai a 2016 kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Shekara ashirin da shida takardun nan suna jira.

Abin da ya bambanta su da mu shi ne rubutu da wurin ajiya. Masallatanmu ba su da rajistar mamata. Limamin Juma'a a al'adance sarki ke naɗa shi, sarki kuma a wancan lokaci yana ƙarƙashin gwamnan soja, kuma kowa ya ga yadda aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a Afrilun 1996 aka kai shi Taraba. Wanda ya ga an yi wa Sarkin Musulmi haka, wane limamin unguwa ne zai ambaci sunan baffanka a huɗuba? Dama ɗaya ta zo a 1999, da aka kafa kwamitin Mai shari'a Chukwudifu Oputa, wanda Fada Matthew Kukah ke ciki, don binciken take haƙƙin jama'a tun daga 1966. Ya karɓi ƙorafi wajen dubu goma, ya zauna har a Kano, ya miƙa rahoto a 2002. Tsofaffin shugabannin soja uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba su bayyana gabansa ba, aka shiga kotu, gwamnati ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi a 2005. Gidaje irin naku da yawa ko takarda ba su aika ba.

Shawarata ita ce ka rubuta, amma ka bi ta ƙofa. Kada ka fara da kakarka, kuma kada ka matsa mata. Kukan da ta yi ya nuna maka ba ta manta ko kwana ɗaya ba, kuma uwa tana da haƙƙin ta riƙe ciwonta yadda za ta iya ɗauka. Ka samu wani dattijo ko malamin da mahaifinka ke jin nauyinsa, ka karanta masa abin da na kawo na Wahshi da ayar Nisa'i, shi ya yi masa magana. Ka bayyana masa cewa ba ƙara za ka kai ba, ba kuma zagin kowa za ka yi a Facebook ba. Ka fara da rayuwar baffan naka kafin mutuwarsa: sana'arsa, inda ya yi karatu, abokansa, abin da ke ba shi dariya. Mutane sun fi sakin baki a kan wannan, kuma shi mutum ne kafin ya zama wanda aka kashe. Daga nan ka nemi masu wankan, idan akwai mai rai a cikinsu, ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa a waya, ka rubuta ranar da kuka yi maganar. Ka raba abin da mutum ya gani da idonsa da abin da ya ji an ce. Inda ba a san wanda ya yi ba, ka rubuta ba a sani ba, kada zafin zuciya ya sa ka ɗora wa wani jinin da ba ka da shaida a kansa, domin wannan ma zalunci ne.

Idan ka gama, ka yi kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya wurin wani ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a ajiye a intanet inda ba zai ɓata ba. Maganar bugawa ga duniya ka bar ta sai magadansa sun amince, don haƙƙin nasu ne kafin naka. Sannan ka yi masa sadaka mai gudana da sunansa, ko da tukunyar ruwa ce a ƙofar masallacin unguwarku ko bishiyar darbejiya a maƙabarta. Wannan babu malamin da zai hana ka, na ɗariƙa ko na Izala, kuma ita ce hanyar da nake ganin kakarka za ta fi saurin yarda a sake ambaton sunan ɗanta da ƙarfi a tsakar gida. Ka fara da masu wankan cikin wannan wata, don mutanen da suka yi wanka a wancan zamani yanzu tsofaffi ne.